Hannun da Baba Yalwa Ya Ɗaure

Ni bahago ne. Tun ina ƙarami ake bugun hannun nan. In na kai shi akushi a buge, in na karɓi saƙo da shi a buge. Na koyi ci da dama, na koyi rubutu da dama, amma jifa ya ƙi komawa. Duk abin da na jefa da hagu yakan je inda na aike shi.

Sai a sakandare aka sami wanda ya ce hannun yana da amfani. Malam Sabi'u, malamin wasanni, ya gan ni na kakkaɓo mangwaro uku da jifa uku. Na ɗauka bulala ce. Sai ya ce, "Waliyyu, zaka nan. Ka san ƙwallon hannu?" Daga ranar ya ajiye ni a gefen dama na fili, inda bahago yake ganin raga a buɗe.

Na gama makaranta, Ingilishi ya kayar da ni. Shekara biyu ina zaune a rumfar hatsin babana a kasuwar Jega, ina auna wa mutane gero. Ba ni da yawan magana, sai aka ce girman kai ne. Ba shi ba ne. Ba ni da abin faɗi.

Da aka ba mu jiha, komai sai an kafa sabo. A da Sakkwato ake zuwa neman shiga ƙungiya, kuma wa ya san ka a Sakkwato? Bayan ƙaramar Sallah sai ga sanarwa: jiha za ta sa ƙungiyarta a babbar gasar ƙwallon hannu ta ƙasa, 'yan wasa sha shida, da albashi da ɗakin kwana a Birnin Kebbi. Za a tsamo su daga gasar garuruwa shida, wasa goma, kowace Asabar bayan la'asar. Kocin jiha, wani Muhsin, yana Legas wajen kwas. Wasan ƙarshe kaɗai zai gani da idonsa, a nan zai kira sunaye.

Na karanta takardar sau biyu a jikin bangon sakatariya. Ban gaya wa kowa ba, amma ranar na daina ganin mudu a matsayin aikina.

Wasanmu na farko a Aliero aka yi. Golansu Murtala ne, dogo, mai faɗi kamar ƙyauren zaure, bakinsa ba ya hutawa.

"Bahago! Da wanne kac ci tuwo yau?"

Na jefa ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Sa'a ta! Sake, in kai ɗan Jega na."

Na ci shi tara a ranar. Da aka tashi ya zo ya kama hannun ya jujjuya shi, kamar mai tayin rago. "Wanga hannu naka ba shi da ladabi," ya ce. "Za mu gamu."

Muka doke Yawuri a gida. Muka yi kunnen doki da Argungu. Birnin Kebbi suka ci mu da ɗaya, alƙali yana kallon wani wuri. A bayan a-kori-kura muke tafiya, mu goma sha biyu da tulun ruwa, kyaftin ɗinmu Magaji, ɗan mahauta, riƙe da gwangwanin ƙaron da muke shafa wa yatsu don ƙwallo ta kama hannu. A wasa huɗu na ci ashirin da takwas. A rumfa mutane suka fara cewa, "Auna mini da hagun, halan ya hi albarka."

Asabar ta biyar muka je Maiyama. Sun yi wa filinsu sabon daɓe don zuwanmu, sumul, da tauri kamar dutse. Ana gab da farawa aka yi ɗan yayyafin da bai kai a kira shi ruwa ba. Minti goma da dawowa daga hutu na tashi sama daga gefe, na saki ƙwallo, na sauka, ƙafa ta zame. Hagun na kai ƙasa. Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Ƙwallon ta shiga. Daga baya aka gaya mini.

A ƙasarmu in ƙashi ya karye ba a tambayar ina za a, Aliero ake nufa. Kafin magariba muna ƙofar gidan Baba Yalwa mai ɗori. Tsoho ne ɗan siriri, mai manyan yatsu. Ya shafa wuyan hannun, bai dubi fuskata ba, ya ɗaga murya: "Murtala! Zaka ka riƙe."

Sai ga golan Aliero ya fito daga zaure, da hannun riga a naɗe. Ashe ɗansa ne.

"A'a! Bahago? Wa yak koya mai ladabi?"

"Riƙe mini baƙo ka yi shiru," in ji tsohon.

Murtala ya rungume ni ta baya ya danne gwiwar hannun. Baba ya yi bisimilla ya ja. Ban yi ihu ba, amma na ciji rigar Murtala har ta huje. Aka shafa man shanu, aka jera ƙananan karare da aka saƙa kamar asabari, aka naɗe da tsumma.

"Kwana arba'in," Baba ya ce. "Kuma wanda yad ɗaure, shi ka kwancewa. Ka jiya?"

A mota na ƙirga da yatsun dama. Wasan ƙarshe, Jega da Aliero a filinmu, ranar da Koci Muhsin zai zo, ya faɗa kwana na talatin da biyar. Na sake ƙirgawa. Bai canza ba.

Makonnin da suka biyo ba su da daɗin faɗi. Ina zama a benci da hannu rataye a wuya. Ba ni, amma yaran suka riƙe. Suka doke Maiyama da ramuwa, suka kwaso maki a Yawuri, suka kama Birnin Kebbi a gida. Aliero ma ba ta faɗuwa. Kowa ya ga inda abin ya nufa: wasan ƙarshe shi zai raba kofi.

Duk ranar kasuwa Murtala yakan biyo motar albasa ya zo gidanmu a Jega. Ya sassauta tsumma, ya duba, ya shafa mai, ya ƙara ɗaurewa. Inna Luba, mahaifiyata, ta riƙa dama masa fura.

"Inna, wanga ɗa naki ko magana ba shi yi. Kurma kunka haihwa?"

"Kai kag gaje tashi da taka," ta ce. "Sha hurarka."

Magaji ne ya fara sa mini abin a rai. Muna zaune bayan atisaye ya ƙura wa ɗorin ido.

"Kwana nawa anka ce?"

"Arba'in."

"Ƙanen matata, a Giwa Tazo, jaki yak kayar da shi. Kwana talatin anka kwance. Kai kuwa arba'in, ba talatin da huɗu ba, ba talatin da ukku ba. Kuma ɗan mai ɗorin shi na golan da kac ci tara." Ya tofar da yawu. "Ka ba kura ajiyar nama, Waliyyu."

Na tashi na bar shi. Amma maganar ta bi ni gida. Na riƙa motsa yatsu cikin karare, ina jin babu ciwo. Na riƙa tuna yadda Murtala yake ƙara ɗaure tsumma, yana dariya. Mutum in ba ya magana, abin da ya haɗiye shi ke ruɓa a cikinsa.

Kwana na talatin na hau mota da hantsi na tafi Aliero ni kaɗai.

Na sami Baba Yalwa a bayan gida, wajen rumfar ajiyar albasa, yana tsince waɗanda suka fara laushi. Na gaishe shi a tsaye. Ya lura.

"Ba ranarka ta ba."

"Na zo a kwance mini, Baba."

"Saura goma."

"Ba ni jin ciwo."

"Ƙashi ba shi gaya ma komi sai ya sake karewa."

Sai na faɗi abin da na zo da shi. Na ce mutane suna cewa don ɗansa ya riƙe ni, tunda ƙanen matar abokina Magaji kwana talatin aka kwance masa. Na ce kwana biyar ne tsakanina da aikin da nake nema, kuma duk Jega ta san wanda zai ci riba in ban buga ba.

Bai yi fushi ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki albasa ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa.

"Ka ga wagga? Ta waje ta bushe. Wuyanta da sauran ruwa. In nis sa ta buhu yau, kahin a kai Onica ta ɓata 'yan uwanta." Ya ajiye ta gefe. "Naka ƙashi biyu na sunka tsage, ba guda ba. Na ƙanen matar abokinka ban gani ba."

Ya share hannu a riga ya zauna a kan turmi.

"Tun da ka zaka da wagga magana, bari ka ji wadda ba ka sani ba. Gidanga muna da doka tun kakan kakana. Gaɓar da munka ɗaure, ɗan gidanga ba shi tsayawa gaba da ita sai an kwance. Ba kokawa, ba dambe, ba gardama ta shari'a. Amana ta, tana hannunmu. In kas sa ƙahwa cikin hilin nan ran Assabar da ɗorina a hannunka, ko da kai kak kwance shi da kanka, Murtala hita za shi yi. Ko ana tsakiyar wasa."

"Ya sani?"

"Tun ran da yar riƙe ka. Shi yac ce in bari shi riƙa zuwa Jega da kainai, don kar wani shi ɗaure ma da sako-sako."

Murtala ma aikin nan yake nema. Mako huɗu yana shan furar Inna yana zolayata, ya san da ƙafata ɗaya zan iya fitar da shi daga gaban Koci Muhsin, bai taɓa cewa uffan ba.

"Tahi gida," in ji Baba. "Ka gaishe da innarka."

Kuskurena shi ne na faɗa wa Magaji, a gaban Malam Sabi'u, wanda yanzu shi ne kocin ƙungiyar Jega. Na faɗa ne don in wanke tsohon. Magaji ya yi tsalle har gwangwanin ƙaro ya faɗi.

"Allahu akbar! To mi muka jira? Ba sai ka kwance komi ba! Ka shiga da ɗorinka, ka tsaya gehe kamar turke. Murtala shi hita, su sa wancan ɗan guntun golan nasu da ko kaza ba shi tarewa. Ka jehwa da dama ma sai ta shiga. Koci shi gan ka, mu ɗau kohi. Kowa ya samu!"

"Ban da Murtala," na ce.

"Murtala ɗan uwanka na? Dokag gidansu ta, ba tamu ba. Mu munka ɗora musu?"

Na dubi Malam. Ya daɗe yana juya usur a hannunsa.

"Sunanka shina cikin takarda tun hwarkon gasa," ya ce. "Rigarka tana nan. Ni ba ni ce ma shiga, ba ni ce ma bari."

Ranar Asabar filin makarantarmu ya cika har kan katanga. 'Yan Aliero suka zo mota uku da kalangu. Mutanenmu suna yi musu ihu, "'Yan albasa, ku matsa, idonmu na yaji!" Su kuma suna ramawa, "Ku auno mana bahago mudu guda!" An kafa tebur a inuwar darbejiya, Koci Muhsin yana zaune da baƙin tabarau da littafi. Can gefe, a kan buzu, na hango Baba Yalwa. Ban taɓa jin ya je kallon wasa ba.

Na sa rigar. Lamba bakwai. Inna ce ta taimaka mini na zura ɗorin ta hannunta, ba ta tambaye ni komai ba.

Murtala ya gan ni da ita lokacin da suke ɗumama jiki. Ya buɗe baki zai yi zolayar da ya saba, sai ya rufe. Ranar ce kaɗai na ga bakinsa a rufe.

Ya kama wasa kamar ba mutum ba. Magaji ya jefa sama, ya tare. Aka jefa ƙasa, ya tare da ƙafa. Jifan fanareti na mita bakwai biyu ya ture. Amma duk sanda alƙali ya busa, sai ya waiwayo bencinmu. Aka tafi hutu suna gaba da uku.

"Yanzu," Magaji ya ce, gumi yana zuba daga haɓarsa. "Don girman Allah, Waliyyu."

Na dubi ɗorin da ke hannuna.

Muka rage saura ɗaya. Suka ƙara. Muka rage. Saura minti shida, sha shida da sha biyar, wanda yake riƙe gefena ya gurɗe ƙafa, aka fito da shi a kafaɗa. Jama'a suka fara kiran, "Bahago! Bahago!" Malam Sabi'u bai dube ni ba. Koci Muhsin ya cire tabarau.

Na miƙe.

Taku uku ne daga benci zuwa layi. Na yi biyu. Na ga ragar, na ga inda zan sa ƙwallo ko da dama. Na ga rumfar hatsi da mudu, da shekarun da zan yi ina aunawa. Sai na ga Murtala ya fito daga raga, ya kama gindin rigarsa ta gola da hannu biyu, ya fara ɗagawa. Bai dubi ubansa ba. Bai jira a ce masa ba.

Hannun nan da yake ɗaga rigar da shi, shi ya riƙe ni ranar da na ciji rigarsa.

Na juya. Na ce wa Malam ya taimake ni in cire tawa, don ba ta fita da hannu ɗaya. Ya cire mini a gaban kowa. Na ratsa jama'a da singileti, wasu suna zagi, na je na zauna a ƙasa kusa da buzun Baba Yalwa. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Aka ci mu sha bakwai da sha biyar.

Koci ya kira sunaye a tsaye a kan tebur. Murtala ne na farko. Daga Jega aka kira uku, har da Magaji, wanda ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba. Na ƙirga har sha biyar. Sai Koci ya rufe littafi ya ce gurbi ɗaya ya rage, na gefen dama, bai ga wanda ya cika masa ido ba, zai nema a Sakkwato.

Ban san sanda na isa gaban teburin ba. Ni da ba na magana.

"Ranka shi daɗe, kwana biyar."

"Mi?"

Na ɗaga ɗorin. "Saura kwana biyar a kwance. Ni bahago na."

Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa. "Kai na kat tashi za ka shiga kak koma? Tsoro kaj ji?"

Sai ga Murtala, da kofi a kafaɗa.

"Koci, ka ga duk abin da nit tare yau? Don wanga na zaune na. Tara yac ci ni a gidanmu, gaban budurwata. In kat tahi Sakkwato neman bahago, ka bar jaki kana bugun taiki."

Koci ya yi dariya, ya tambayi Malam Sabi'u, Malam ya nuna masa takardar wasanni huɗun farko. Ya daɗe a kanta.

"Mako ukku daga yau, Birnin Kebbi. Jihwa goma daga gehe, wanga dogon shina raga. Ka ci biyar, gurbin naka na. Ka ci huɗu, ka koma gida."

Ranar Alhamis Baba Yalwa ya kwance da hannunsa. Hannun ya fito siriri, fari-fari, kamar ba nawa ba. Ya lanƙwasa shi, ya saurara da yatsa, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ba ni albasa uku, ƙarama da matsakaiciya da babba.

"Ka matsa ƙaramar har ka gaji, kwana biyar. Sannan ta biyu. Ran da kar riƙe babbar da yatsu, kaj juya hannu ba ta hwaɗi ba, ka ɗau ƙwallo."

Na ce, "Baba, maganar da niz zaka da ita rannan..."

"Albasa ta ruɓa, an zubar. Tahi."

Rumfarmu ta yi warin albasa mako biyu. Babana ya ce masu sayen gero sun fara tambaya ko mun canza sana'a. A kwana na goma sha biyu babbar ta zauna a yatsuna. Da yamma na je fili, na sami Magaji yana jira da gwangwanin ƙaro. Bai gaishe ni ba. Ya miƙo gwangwanin ya ce, "Shahwa. Kuma wallahi in ka bari ɗan albasan nan yat tare ka, kar ka dawo Jega."

A Birnin Kebbi filin siminti ne, ga 'yan wasan da aka zaɓa a tsaye suna kallo. Murtala ya shiga raga ya buga tafi.

"Bahago, yau babu ɗori tsakaninmu. Kar ka sa ran komi."

"Ban sa ba."

Ya tare na farko. Ya tare na biyu, har ya yi rawa. Wuyan hannun yana yi mini nauyi, ina tausaya masa. Na uku na daina tausayi, ta shiga ta saman kafaɗarsa. Ta huɗu ta shiga. Ta biyar ta bugi ƙarfe. Ta shida ta shiga, ta bakwai ya ture da gwiwa, ta takwas ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, Magaji ya yi ihu har da faɗuwa. Huɗu. Saura jifa biyu.

Na shafa ƙaro. Na tashi sama, na nuna masa kusurwar nesa, ya tafi can da jikinsa duka. Na karya wuyan hannun, daidai inda Baba ya ɗaure, na sa ta ƙarƙashin hammatarsa, wurin da na fara cin sa a Aliero.

Ta goma ya tare. Har yau ita kaɗai yake ba mutane labari.

Koci Muhsin ya buɗe jaka ya ciro riga ya miƙo mini. Na kai hannun dama, yadda aka koya mini tun ina yaro. Sai ya janye rigar.

"Da wancan za ka amsa," ya ce. "Shi anka ɗauka aiki."